Mai Mudu Shi Ke da Kasuwa: Tarihin Gasar Kamfanonin Kwamfuta da Makomar Haruffan Hausa Masu Lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san cewa kafin a yi maganar tsada ko araha, sai an daidaita a kan mudun da za a yi awo da shi. Manomi ya zo da buhunsa, ɗan kasuwa ya zo da kuɗinsa, amma ciniki ba zai faɗa ba sai sun yarda da ma'auni guda. Wanda kuwa mudunsa ya zama na kowa, to, ya riƙe kasuwa ko da bai noma zangarniya ɗaya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin gasar da aka yi tsakanin manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka daga 1964 zuwa 2005, a nuna cewa a kowane zango na wannan gasa wanda ya mallaki mudu shi ya yi rinjaye, watau wanda ƙa'idarsa ta zama tilas kowa ya bi. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kawo wannan zance cikin mujallar harshe da al'ada. Dalili shi ne, daga cikin ma'aunan da aka tsayar a wannan gasa har da jerin haruffan da na'ura za ta iya ganewa, kuma an yi kusan shekara talatin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su cikin jerin da na'urorin kasuwa ke aiki da shi. Har yanzu muna fama da abin da wannan rashi ya haifar.

2.0 Zamanin Manyan Injuna

Kamfanin IBM ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. An kafa shi a 1911 da wani suna daban, sa'an nan a 1924, a ƙarƙashin shugabancin Thomas Watson, ya ɗauki sunan da aka san shi da shi. Sana'arsa ta farko ita ce injunan ƙididdiga masu aiki da kati mai huji, irin waɗanda Herman Hollerith ya ƙera aka yi amfani da su a ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890. Saboda haka ko da kwamfuta ta bayyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu, IBM ya riga ya san ƙofar kowane banki da kamfanin inshora da ofishin gwamnati.

Kwamfutocin wancan lokaci manyan injuna ne masu cika ɗaki, kuma kowane iri da nasa harshen. Idan banki ya bunƙasa yana son injin da ya fi nasa girma, tilas ya sake rubuta dukkan manhajojinsa daga farko, ko da a wurin kamfani guda ya sayi injunan biyu. A watan Afrilu na 1964 IBM ya fito da jerin injuna masu suna System/360, manya da ƙanana, waɗanda duka umarni iri ɗaya suke ji. An ƙiyasta cewa kamfanin ya zuba wajen Dala biliyan 5 a wannan aiki. Ribar ba ta daɗe ba ta fito: wanda ya rubuta manhajarsa a kan wannan tsari yana iya hawa daga ƙaramin inji zuwa babba ba wahala, amma ficewa zuwa wani kamfani asara ce babba. Nan IBM ya fara mallakar mudu.

Wajen kashi biyu cikin uku na kasuwar ya koma hannunsa, har 'yan jarida suka riƙa kiran abokan hamayyarsa wadanni bakwai, watau Burroughs da Univac da NCR da Control Data da Honeywell da General Electric da RCA. General Electric ya bar harkar a 1970, RCA ya bi shi a 1971. A watan Janairu na 1969 gwamnatin Amurka ta kai IBM ƙara bisa zargin kankane kasuwa, shari'ar da ta ci shekara 13 kafin a janye ta a 1982. A cikin 1969 ɗin kuma IBM ya fara sa wa manhaja farashinta daban da na inji. Kafin nan manhaja gyara ce da ake yi wa mai sayen inji. Daga nan ta zama haja mai zaman kanta, kuma ita ce daga baya ta zama sanadin kifar da shi.

3.0 Fitowar Ƙaramar Kwamfuta

A 1971 kamfanin Intel ya tattara sashen lissafi na kwamfuta a kan ɗan guntun siliki da bai wuce farce ba, ya sa masa suna 4004, a 1974 kuma ya fito da 8080 wanda ya fi shi ƙarfi. A kan wannan na biyu aka gina Altair 8800, wadda aka tallata a Janairun 1975 a kan kuɗin da bai kai Dala 500 ba, mai saye ya harhaɗa ta da hannunsa. Samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka rubuta mata harshen BASIC, suka kafa Microsoft a wannan shekara. A 1976 Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne suka kafa Apple a Kalifoniya. A 1977 kuwa na'urori uku suka fito waɗanda ake saye a haɗe: Apple II da Commodore PET da TRS-80.

Da farko manyan kamfanoni kayan wasan yara suka ɗauke su. Abin da ya sauya wannan ra'ayi shi ne manhajar VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979. Jadawalin lissafi ne wanda in akawu ya sauya adadi ɗaya, sai dukkan jimlolin da suka dogara da shi su gyara kansu nan take. Aikin da a da sai an kai wa masu kula da babban inji an jira kwanaki, yanzu mutum yana yin sa a teburinsa. Tun da a kan Apple II kaɗai aka fara samunta, 'yan kasuwa suka shiga sayen na'urar saboda manhajar. Ƙaramar kwamfuta ta shiga ofis ke nan, kuma ofis gonar IBM ce.

4.0 Shekarar 1981

A 1980 IBM ya ɗora wa wata 'yar ƙungiyar injiniyoyinsa da ke Boca Raton, a Jihar Fulorida, aikin ƙera ƙaramar kwamfuta cikin shekara guda. Don Estridge ne ya ja ragamar aikin har ya kammalu. Bisa al'adar kamfanin, kome a gida ake ƙerawa, amma shekara guda ba ta isa a bi al'ada ba, sai suka fita kasuwa sayayya. Ƙwaƙwalwar na'urar, mai suna 8088, daga Intel suka same ta.

Saura uwar manhaja, watau wadda take tsakanin na'ura da sauran manhajoji, take kula da faifai da allo da maɓallai. Wadda ta fi karɓuwa a lokacin ita ce CP/M ta Gary Kildall, mai kamfanin Digital Research. Wakilan IBM sun je wurinsa, ba a daidaita ba, sai suka koma ga Microsoft, wanda a lokacin ba shi da irin wannan manhaja da ta dace da na'urar. Microsoft ya samo wata mai kama da CP/M wadda Tim Paterson ya rubuta wa kamfanin Seattle Computer Products, ya fara da karɓar lasisinta, sa'an nan a Yulin 1981 ya saye ta ɗungurungum a kan Dala 50,000. Abin lura a yarjejeniyarsa da IBM shi ne, bai sayar da manhajar ba, izinin amfani da ita kawai ya bayar, ya kuma riƙe 'yancin bai wa duk wani kamfani irin wannan izini. Wannan sharaɗi guda shi ya juya tarihin sana'ar.

Ran 12 ga Agusta, 1981, aka ƙaddamar da IBM PC, mafi arahar cikinsu a kan Dala 1,565. Daga baya an samar da CP/M a kanta, amma a kan Dala 240, alhali ta Microsoft Dala 40 ce, saboda haka ba a wahala ba wajen zaɓi. Sunan IBM kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin manajan da a da yake jin kunyar sayen Apple. Da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ta fito a Janairun 1983 an shirya ta musamman don wannan na'ura, sai tsarin IBM PC ya zama mudun ofisoshi.

5.0 Yadda Mudu Ya Sauya Hannu

Don a samu masu ƙera kayan haɗi da yawa, IBM ya buga littafi mai bayyana dukkan tsarin na'urar. Abu guda ya dogara da shi don kare kansa, watau wata 'yar manhaja da aka dasa cikin na'urar mai suna BIOS, wadda dokar haƙƙin mallaka ta hana a kwafa. Masu hamayya suka samo dabara. Sai a sa ƙungiya ɗaya ta nazarci BIOS ta rubuta bayanin abin da take yi kawai, sa'an nan a miƙa bayanin ga wata ƙungiya wadda ba ta taɓa ganin ta IBM ba, ita kuma ta rubuta sabuwa mai yin aiki iri ɗaya. Doka ta hana kwafar lafazi, ba ta hana kwaikwayon aiki ba.

Compaq, wanda aka kafa a Jihar Tekzas a 1982, ya bi irin wannan hanya, ya yi cinikin Dala miliyan 111 a shekararsa ta farko ta sayarwa. A 1984 kamfanin Phoenix ya fara sayar da tasa BIOS ga duk mai so. Daga nan kowa yana iya sayen ƙwaƙwalwa daga Intel, uwar manhaja daga Microsoft, ya harhaɗa na'urar da ke yin duk abin da ta IBM ke yi a kan farashi mai sauƙi. A Satumban 1986 Compaq ya riga IBM fito da na'ura mai sabuwar ƙwaƙwalwar Intel ta 386, abin da ya nuna cewa ɗan kwaikwayo ya wuce gaban malaminsa.

A 1987 IBM ya yunƙura ya karɓe kasuwarsa. Ya fito da PS/2 mai sabon tsarin haɗi wanda sai an biya shi kafin a yi amfani da shi. Kamfanoni tara, Compaq na gaba, suka haɗa kai a 1988 suka tsayar da nasu tsarin wanda bai yi watsi da tsofaffin kayan jama'a ba, masu saye kuwa suka bi su. IBM da Microsoft sun fara haɗa wata uwar manhaja mai suna OS/2, amma da Windows 3.0 ta samu karɓuwa a 1990 sai suka raba gari.

Apple kuwa wata hanya ya bi. Macintosh, wadda ta fito a Janairun 1984 a kan Dala 2,495, ta zo da hotuna a allo da linzami na nuni, dabarun da aka bunƙasa a cibiyar binciken Xerox a shekarun 1970. Da aka haɗa ta da firintar LaserWriter da manhajar PageMaker a 1985, ta zama abar ƙaunar maɗaba'o'i. Amma Apple ya riƙe na'ura da manhaja duka a hannunsa, sai rabonsa na kasuwa ya tsaya ƙarami, har a 1997 ya kai ga karɓar jarin Dala miliyan 150 daga Microsoft.

Sakamakon ya bayyana a littattafan lissafi. A 1993 IBM ya yi asarar fiye da Dala biliyan 8, Louis Gerstner ya karɓi shugabancinsa ya karkatar da shi ga yi wa manyan hukumomi hidima da shawara. A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft ƙara bisa zargin kankane kasuwa, kamar yadda ta yi wa IBM shekara 29 kafin nan. A 2000 alƙali ya yi umarnin a raba kamfanin biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001. Compaq ya narke cikin Hewlett-Packard a 2002. A 2005 IBM ya kammala sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga Lenovo na ƙasar Sin a kan wajen Dala biliyan 1.75. Wanda ya sassaƙa mudun ya bar rumfar ke nan.

6.0 Ina Haruffanmu a Wannan Awo?

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Saboda haka tilas a yi jeri wanda zai ce lamba kaza ita ce harafi kaza. Jerin da ya yi rinjaye shi ne ASCII, wanda aka tsayar a Amurka a 1963 aka kuma gyara a 1967. Gurabe 128 gare shi, sun ishi manya da ƙananan haruffan Ingilishi da alƙaluman lissafi da alamomin rubutu da wasu umarnai na na'ura. IBM PC ta ninka guraben suka zama 256, amma sababbin an raba su ne ga wasulan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci masu ɗauke da alamomi, da wasu haruffan Girkanci, da zanen layukan jadawali. An duba inda masu saye suke, aka raba gurabe.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa tun shekarun 1930 suka zauna, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka kuma tabbatar da su a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Ba ado ba ne. Su ke raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, kura da ƙura, bari da ɓari. Malamanmu sun sha ba mu labarin yadda a zamanin tafireta ake buga kundi dukkansa, sa'an nan a zauna da biro ana bin shafi-shafi ana sa wa haruffa ƙugiya. Da kwamfuta ta zo aka zaci an huta, sai aka tarar ita ma ba ta san su ba.

Masu kishin harshen suka yi dabarar da ta samu. Suka ƙera zubin haruffa na musamman inda aka ari guraben da Hausa ba ta bukata: a wani zubin q ta fito da siffar ƙ, x ta fito da siffar ɗ, v ta fito da siffar ɓ; a wani kuma alamomin baka aka ara. Wannan aiki ya cancanci yabo, don da shi aka buga littattafai da kundaye masu yawa. Sai dai lanƙwasar a ido kawai take, a cikin na'ura harafin yana nan q. Ni kaina, da na gama kundin digirina na biyu, na ɗauke shi daga shagon da aka buga mini zuwa wani don a fitar da shi a takarda. Na'urar can ba ta da wannan zubi, sai ga shafi fiye da ɗari cike da qasa da xaya da vata, ga ranar miƙa aiki ta matso.

Mafita ta fito ne daga cikin gasar nan da muka bayyana. Tun da IBM da Apple da Microsoft kowa da nasa jerin gurabe, takardar Faransanci ma takan rikice in ta tashi daga wannan na'ura zuwa waccan, balle ta Japananci ko Larabci, inda kasuwa take da maiƙo. A 1987 Joe Becker na Xerox da Lee Collins da Mark Davis na Apple suka fara aikin jeri guda wanda zai bai wa kowane harafi na duniya lambarsa. A 1991 aka kafa ƙungiyar Unicode, abokan hamayyar nan suka zauna inuwa ɗaya domin rarrabuwar tana ci musu riba. Haruffanmu suka samu shiga tun farkon shekarun 1990, kuma an samu sauƙin hakan ne domin masana sun riga sun tattara haruffan harsunan Afirka a wata ƙa'ida ta ma'aikatan laburare mai suna ISO 6438 tun 1983. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma 01B4.

A nan akwai abin lura ga masu nazarin harshe. Ƙananan ɓ da ɗ an ajiye su ne a rukunin alamomin ilimin furuci, su kuwa ƙ da ƴ da dukkan manyan haruffan huɗu suna wani rukuni daban na ƙarin haruffan Latin. Mai ƙera zubi yana iya zana rukuni ɗaya ya bar ɗaya, shi ya sa akan ga kalma guda a allo harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, ko ɗan akwati ya tsaya a madadinsa. Watau abu uku harafi yake bukata kafin ya rayu a na'ura: lamba, da siffa a cikin zubi, da maɓallin da za a danna. Lamba ta samu da wuri, sauran biyun suka yi jinkiri shekaru. Ajami ya fi boko jira, don har a 2020 ana ƙara wa Unicode haruffan Larabci da ake bukata wajen rubuta Hausa.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda IBM ya mallaki kasuwa a 1964 ta hanyar tsayar da ma'auni, da yadda ya saki ma'aunin a 1981 saboda gaggawa, Microsoft da Intel suka tsince shi. Mun kuma ga cewa ba ƙiyayya ce ta hana haruffan Hausa gurbi ba, ba kuma ƙauna ce ta ba su ba. Lissafin riba ne ya yi duka biyun, sai kuma aikin masanan da suka riga suka rubuta haruffan a inda za a gan su ranar da aka zo rabo.

Yau lamba da zubi da maɓalli duk sun samu, har a wayar hannu. Abin da ya rage namu ne. Kundaye da maƙalu masu yawa suna kwance a faifai cikin tsohon zubi, wanda in ɗalibi ya nemi kalmar ƙasa a cikinsu na'ura za ta ce babu. Gyaran waɗannan mai sauƙi ne, don kowace q an san ƙ ce, musanya kawai za a yi. Wanda ya fi wuya shi ne rubutun da aka zubar da lanƙwasarsa gaba ɗaya, kamar yadda ake yi kullum a intanet, don babu mai iya maido da ita sai wanda ya san harshen ya karanta jimlar ya gane baki ake nufi ko baƙi. Na'urorin fassara da masu gyaran rubutu kuwa daga abin da muka rubuta suke koyo, in mun ba su gurguwar Hausa ita za su maido wa 'ya'yanmu.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su wajabta buga kowane kundi da haruffan Unicode, su kuma sa hannu wajen juyar da tsofaffin ayyukansu tun faifan ba su lalace ba. Haka nan ya kamata masanan Nijeriya da na Nijar su sake zama a kan 'y da ƴ, don na'ura kalmomi biyu daban take ɗaukar 'ya'ya da ƴaƴa. Magabatanmu sun sa ƙugiya da biro shafi bayan shafi ba su gaji ba, mu kuwa danna maɓalli kawai aka bar mana. Allah ya sa mu riƙe amanar.